Jirgin Fatar Shanu

A shekara ta biyu ta fari, lokacin da mazan ƙauye suka watse neman abin kaiwa baki, wasu Maraɗi wasu Katsina, mijin Batulu zama ya yi a tsakar gida yana ƙera jirgin ruwa. Jirgin ruwa fa, a garin da guga ke dawowa daga rijiya da yashi.

Labo ba mahaukaci ba ne, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Da mahaukaci ne da ta san inda za ta kai shi. Shi kuwa duk maganar da ya ɗauko sai ka ji ta da kai da ƙafa. A kwarin gulbi, yamma da Gidan Rumji, akwai wani tabki da ya ƙi ƙafewa, kifi ya taru a tsakiyarsa, tarwaɗa kamar cinyar ƙato. Gefensa taɓo ne, tsakiya kuma zurfi. Da can masunta a kan gora suke kifa ciki su shiga, amma duma bai yi ba tun bara, tsoffin gorunan kuma sun farfashe. Labo ya taɓa zuwa cin rani Yawuri, ya ga kwalekwale da idonsa. Itacen sassaƙa babu, amma fatar shanu bana har ungulu ta gaji da ja.

Fatun nasu biyu ne. Bappa, Bafulatanin da ke sauka a gonarsu kowace kaka, shi ya yanka shanunsa na ƙarshe kafin su faɗi da kansu, ya kawo wa Labo fatun, ya ce, “Na gidanka ne, aboki. Ni na yi kudu.”

Batulu tana ganinsu ta ga abinci. A babbake gashin, a kankare, a dafa da kanwa har ta yi laushi, ga ganda. 'Ya'yanta mata, Indo da Habi, sun daɗe ba su tauna wani abu ba sai 'ya'yan anza masu ɗaci na daji da ɗan kunun jar dawar taimako, ita ma ta kusa ƙasan buhu. Fatun nan biyu, in aka bi su a hankali, za su riƙe gidan har motar taimako ta sake zuwa.

“Maigida, mi za ka yi da su da kake aunawa da igiya?”

“Jirgi, na mutum guda. In wanga ya yi, kowane masunci daga nan har garin Cadawa sai ya zaka ya ce in yi mai nashi.”

“Cadawa? Su da ko kwaɗo ba su da shi?”

“Ke dai ki zuba ido.”

Ta zuba, ba don ta yarda ba. Ta yi nata tunanin ne a zuci: fata ba ta zuwa ko'ina. Ko an ɗinke ta fata ce, in ma ta sha ruwan tabki ya rage mata aikin jiƙawa. Jirgin nan ba zai yi ba, ta san mijinta. Shi ne ya taɓa yi wa jaki takalmi. Ranar da ya nutse, ranar za su ci ganda.

Saboda haka ta haɗiye abubuwa da yawa. Ya saro sandunan geza ya lanƙwasa su yadda Fulani ke kafa bukka, ya ɗaure, ya kwance, ya ce hancin ya yi faɗi. Ya sake ɗaurewa, ya ce gindin ya yi nauyi. Ya kwance igiyar gadonta. Ya ɗauki muciyarta ya ɗaura mata sakaina kai da gindi, wai abin tuƙi ne mai baki biyu, dama da hagu. Da ta yi magana ya ce, “To wane tuwo kike tuƙawa da ita?” Gaskiyarsa ce, shi ya sa maganar ta tsaya mata a wuya. Har ɗinki ita ta taya shi, tana ja da basilla tana lura da inda fatar ta fi kauri, wajen wuya, tana cewa a ranta nan za ta fara yanka. Bakin ɗinkin kuma ya liƙe shi da ƙaro.

Ranar gwaji ta kaɗe buhun, ta dama ɗan abin da ya rage, kowa ya sha. Labo ya ɗora jirgi a ka, tsofaffi da mata suka bi shi kamar ana rakiyar ango. Ya tura shi kan taɓo, ya shiga ta ɗan ramin da ya bari a sama, ya kama tuƙi. Jirgi ya tafi, har Batulu ta fara tsoron kada dai ya yi. Sai ƙaro ya ji ruwa ya narke. Labo ya fara gajarta a idon jama'a, daga ƙugu zuwa ƙirji, yana ta kaɗa muciya. Da igiya aka jawo su, shi da jirgin.

Kowa na yi masa sannu, Batulu kaɗai ke ɓoye murmushi cikin mayafi. Ba ta jira shi ba. Ta yi gida da sauri, ta roƙi kanwa wajen maƙwabciyarta Shatu, ta wasa wuƙa, ta fito da babbar tukunya. Itacen da take tattali ta jera shi duka a murhu.

“Ku wanke kwanoninku,” ta ce wa yaran. “Yau ganda za mu ci har ku ture.”

Habi ta kama tsalle, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Azahar ta wuce Labo bai shigo ba. Batulu ta ce kunya ce, zai gama zagaye-zagayensa ya zo. Da la'asar ta hura wuta don kada a ɓata lokaci. Ruwa ya fara motsi ke nan sai wani wari ya riga shi shigowa, irin na bakin titi. Ga Labo a kan amalanken aro, fuska fal fara'a, a bayansa wani abu baƙi ƙirin yana sheƙi.

“Batulu, taho ki gani! Wajen masu gyaran hanya na kai shi. Sunka ba ni kwalta da zahinta, na shahe shi ciki da waje, har sau biyu. Yanzu ko ɗigo ba ya shiga.”

Batulu ta matso kusa da jirgin. Ta je da wuƙar ta kankari wajen wuyan, inda ya fi kauri. Baƙi. Ta ƙara nutsa wuƙar. Kwalta ta ratsa fatar har ɗaya gefen.

“Kai, za ki huda min shi!” Ya janye hannunta. “Sai ya sha iska tukuna kahin a sa shi ruwa. In ya yi, hwata kawai za mu nema mu soma na sayarwa.”

“Maigida,” ta ce, “ka san abin da ka shahe?”

Bai ji ta ba, yana duban hancin jirgin ko ya karkace. Indo da Habi suna zaune gaban murhu, kowace da kwanonta a cinya. Sai da ya gama ya juyo, ya ga tukunya tana tafasa, ya murza hannuwa.

“Madalla, tun sahe ban ci kome ba. Mi anka dahwa?”

Batulu ta durƙusa ta fara zare itacen ɗaya bayan ɗaya tana turbuɗa shi a ƙasa. Ba ta iya duban wajen yaran ba.