Ƙarar Ƙafar Hagu

Ƙafar gaba ta hagu ce ta lalace, kuma saboda ita Baba Kunne bai je asibiti ran da aka ce ya je ba.

Da hantsi ne. Tela, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, ya rufe shago ya zo rakiya, yana zaune bakin gado da jakar kaya a cinya. Likita ya ce zuciyar tsohon ta kumbura, ruwa ya taru a ƙirji, an ajiye masa gado, a kawo shi kafin azahar. Auta, ɗansa, ya je fito da mota daga rumfa. Tana hawa simintin ƙofar gida sai ta ce ƙwas.

Tsohon ya buɗe ido.

"Tela, ce masa ya koma baya ya sake hawa."

"Mota kake saurare ko numfashinka?" in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Numfashin na san abin da ke damunsa."

Ba banza ake ce masa Kunne ba. Duk rayuwarsa gyaran ƙafar mota ya yi, kuma ba ya shiga ƙarƙashin mota sai ya sa an taka ta a gabansa ya ji kukanta. Ita kuwa wannan tasa ce, ja, ƙofa biyu, irin motocin gudun nan masu kwanciya a ƙasa kamar ƙadangare. A kwance ya saye ta tun yana da baƙin gashi, ya tashe ta da hannunsa.

Auta ya sake hawa. Ƙwas.

"Lowa ce," in ji tsohon. "Ku fitar min da kujera."

"Malam, likita fa ya ce kafin azahar," in ji matarsa.

"Gobe ma akwai azahar."

"Ni tela ne," in ji Tela. "Kada ka koya mini gobe, ni na ƙirƙiro ta."

Tsohon ko murmushi bai yi ba. Haka aka ciccibe shi aka zaunar a inuwar katanga, ƙafafunsa a kumbure sun ƙi shiga takalmi. Ya sa Auta ya taho a hankali ya danna birki da ƙarfi. Tela, da bai san komai a mota ba sai kujera, shi ma ya ga tayar ta ɗan ja da baya kafin motar ta tsaya.

"In ka taka ta a babban titi, sitiyari na yawo?"

"Kaɗan, Baba."

"In ka yi birki tana ja hagu?"

Auta ya sosa ƙeya.

"Tela, miƙa hannu ka shafa tayar ta ciki."

Tela ya tattare rigarsa ta fita unguwa ya durƙusa. Ta waje zanen taya na nan sabo fil. Ta ciki sumul, kamar ƙoƙon kan wanda ya fito daga aski.

Aka ɗaga ta a jak. Auta ya kama tayar hannu biyu ya girgiza, ta amsa. Tela ya haska masa da waya, ga lowar nan, ƙarfe mai reshe biyu da ke riƙe taya da jikin mota, a bakin kowane reshe akwai roba. Auta ya cusa ƙarfen cire taya ya banƙara. Robar ta buɗe baki, duk ta tsattsage kamar kaushin diddige.

"Bara fa na sa su, Baba, sababbi."

"A sama ka ɗaure ko a ƙasa?"

Auta ya ajiye ƙarfen a ƙasa.

"A jak ka ɗaure, taya na lilo. Da ka sauke ta, nauyi ya murɗe robar kamar wanki ana matsa, haka take tafe a murɗe tun bara. Ana ɗaurewa ne bayan mota ta zauna a kan ƙafarta." Ya tsaya ya nemo numfashi. "Ban taɓa faɗa maka da baki ba. Na zaci kana kallo."

"Zan gyara, Baba. Mu kai ka tukuna, a hankali zan tafi. Ko a kira tasi."

"Je ka sayo guda biyu. Ba a canza ɗaya a bar ɗaya."

Matar tsohon ta shige ciki, aka ji ta ajiye kwano da ƙarfi. Auta ya hau babur ya tafi. Tela ya jawo benci kusa.

"Kai dai taurin kanka ko guduma. Motar za ta gudu ne?"

"In na kwanta a can, Tela, ba a tsaye zan fito ba. Na ga idon likitan." Ya nuna hanyar da Auta ya bi da haɓa. "Wancan kuwa ƙafarsa nauyi gare ta a kan totur, ni ya gado. Zai ce gobe, zai ɗauki matarsa da cikin nan nata su hau titi. Irin motar nan ba ta yafiya. Da motar haya ce, sai ta ƙara shekara tana tafe a haka. Wannan in ƙafa ta saki a kwana, sai dai labari."

Tela ya juya ya kalli motar.

Azahar ta wuce kafin Auta ya dawo. Aka cire, aka sa, tsohon na ba da umarni da yatsa don magana ta fara yi masa tsada. Ya hana a ƙarasa ɗauri. Aka sauke tayoyin a kan bulo yadda mutum zai iya shiga ƙasa.

"Tela, shiga kujerar direba ka zauna. Ana son nauyin mutum. Yau dai ka yi wa duniya amfani."

Tela ya lanƙwashe ya shiga, gwiwoyinsa na ƙara. Warin tsohuwar fata da fetur na nan yadda ya san shi. A wancan zamani, in sun tashi aiki da yamma, Kunne kan yi masa hon a ƙofar shago su fita bayan gari, gilashi a sauke, allurar gudu na hawa, Tela na salati yana riƙe da hula, Kunne na dariya yana cewa ai ba a fara ba. A ciki aka kai matar Tela haihuwar fari, shi yana biye a keke. Ya ɗora hannu a sitiyari inda tafin abokinsa ya cinye fatar. Ta ƙarƙashinsa yana jin kowane jan sifana a ƙashin bayansa.

Da aka gama, tsohon ya ce a matso da shi. Suka riƙe shi ta hammata, ya sunkuya ya zura hannu bayan taya, ya daɗe yana lalube da babban yatsa.

"To," ya ce.

Auta ya kira asibiti. An ba wani gadon, sai dai a zo da safe a gwada.

Da safen, matarsa na neman hular da zai sa, tsohon ya cika a zaune a bakin gado.

Tela ne ya yanka likkafani, kuma yana tsaye aka yi wanka. Mai wankan ya kama hannun dama ya cuɗa, ya ƙara sabulu ya sake cuɗawa. Baƙin maiko ya shige ƙarƙashin farcen babban yatsa ya ƙi fita. Ya ɗago ya ce a samo masa tsinke.

"Bar shi haka," in ji Tela.