Kunnen Zuwena

"Jama'ar Kivinje! Ku da kuke wuni cikin teku, ku faɗa mini gaskiya. A cikinku wa ya taɓa ganin papa da gyambo?"

Dokta Kibwana ne yake ƙwala wannan tambaya ta lasifika, yana tsaye a bayan motarsa a bakin kasuwar kifi. Farar rigar likitoci ce a jikinsa, gumi ya jiƙa wuyanta. Ya ɗaga wata 'yar kwalba sama, rana tana haska hoton papa da ke jikinta, baki buɗe, haƙora jere.

"Babu!" in ji mata masu suyar kifi.

"Ƙurji fa? Ƙyasbi? Ciwon daji?"

"Babu!"

"To sirrin yana cikin guringuntsinsa. Allah bai ba papa ƙashi ba, guringuntsi ya ba shi, ya zuba magani a ciki. Ga shi mun niƙa mun kawo muku har gida. Ba allura, ba wuƙa."

Ni na taɓa gani. Sunana Shomari, shekara ashirin da shida ina kama papa, wannan ƙaton kifi da ke iya raba mutum da ƙafarsa. Na feɗe waɗanda ban san adadinsu ba, kuma na ga mai miki, na ga mai ƙari a gefen baki. Ina tsaye a cikin taron nan, kwandon guringuntsi a kaina, domin ni nake sayar wa Kibwana abin da yake niƙawa. Ban ɗaga hannu ba. Kalma biyu kawai suka shiga kunnena suka zauna: ba wuƙa.

* * *

'Yata Zuwena zabiya ce. Shekararta ashirin da ɗaya, tela ce, kuma duk unguwarmu babu mai hannunta wajen ɗinkin rigar biki. Idonta ba shi da ƙarfi. Ba ta iya zura zare sai da wani tabarau mai kaurin gindin kwalba, wanda take kira mijinta, wai don shi ne ba ya rabuwa da ita.

Tun tana ƙarama take taya uwarta shanya ƙananan kifi a rana, ɗankwali ɗaure a bayan kunne. A saman kunnenta na hagu ne abin ya fito, ɗan ɓawo kamar ƙwayar wake. In ya bushe ya faɗi sai ya dawo.

Akwai wata nas da ke zuwa garinmu sau biyu a shekara, tana raba wa zabiya malafa da man kare rana. Ta riƙe kunnen ta daɗe tana dubawa, sannan ta rubuta takarda.

"Baban Zuwena, wannan watan za ku tafi Dar es Salaam, ba na gaba ba. Yanzu ƙarami ne. Za su yanke ɗan wurin kaɗan, cikin mako kun dawo."

Za su yanke. Wanda bai haifi zabiya a ƙasar nan ba, ba zai gane abin da kalmar nan ta yi mini ba. A shekarun da ake farautar irinsu, ana sare musu hannu a kai wa bokaye, ni nake raka Zuwena makaranta da adda a cikin buhu, in zauna a gindin mangwaro har a tashi. Na bar fita teku mai nisa tsawon shekara uku. Na yi wa Allah alkawari ƙarfe ba zai taɓa jikin yarinyar nan ba ina da rai. Yau kuma a ce ni zan kai ta da ƙafata, in miƙa ta ga mai wuƙa?

Da taron kasuwa ya watse, sai na je wajen Kibwana na sauke kwandona, na gaya masa halin da ake ciki. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Haba Shomari, kana da ni a gari kake wahala?" Ya rage murya. "Kai, ka taɓa tambayar kanka, abin da suke yankewa daga jikin zabiya a asibiti, ina suke kai shi? Ni dai ban ce komai ba."

Na koma gida da kwalba biyu.

* * *

"Baba, wannan ai warin jirginka yake yi," in ji Zuwena, tana shinshina man da ke cikin kwalbar. "An dai fesa masa turare."

"Shafa dai, sarkin surutu."

"In na wayi gari da fiffike a baya, kai za ka ɗinka mini riga."

Uwarta, Mwanaidi, ba ta yi dariya ba. Tana kankare kwakwa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Nas ta ce wannan watan."

"Nas ta haife ta?"

"Ni na haife ta, kuma ni ma na ce wannan watan."

Na ɗaga murya, abin da ban saba ba. Na ɗauki takardar nas na cusa a cikin rufin ɗaki. Zuwena ta dube ni ta cikin tabarau, ta dubi uwarta, sannan ta lakaci man ta shafa. Ta yarda da ni. Duk rayuwarta ban taɓa kai ta inda za a cuce ta ba.

Makon farko ɓawon ya yi laushi ya faɗi, wurin ya yi sumul. Na kai wa Kibwana labari da gudu. Washegari na ji shi a rediyo yana cewa wani masunci a Kivinje ya ceci 'yarsa daga wuƙar likitoci. Kullum bayan labaran rana sai an sa tallan nan, da kiɗa, da wata mata mai kukan daɗi wai kircinta na shekara goma ya warke. Wa ya tambayi gidan rediyon ko sun ga matar? Wa ya tambayi Kibwana makarantar da ta ba shi farar riga? Manyan gari suna zama a kujerun gaba in yana taro, kowa ya tashi da kwalbarsa ta kyauta.

Wata na biyu wurin ya buɗe. Kibwana ya ce dafin ne yake fita. Wata na huɗu ya fara ruwa, gefensa ya yi tauri ya naɗe. Ya ce a ƙara yawan shafawa, safe da rana da yamma. Wata na shida Zuwena ta koma sa auduga a ƙarƙashin hannun tabarau, don in ya taɓa wurin sai hawaye. Mata suka rage kawo ɗinki. Wata ta aiko a karɓo mata yadinta ba a ɗinka ba, wai ɗakin yana wari.

Nas ta dawo gari, na hana Zuwena zuwa. Kunya nake ji. Wannan ma sai na faɗa, tunda gaskiya na zauna rubutawa.

* * *

Ran wata Talata da hantsi muka jawo wani papa babba, ni da Mzee Kombo, dattijon da muke aiki tare. Muka kwantar da shi a kan yashi. Da na juya kansa sai ga ƙari a gefen muƙamuƙi, ya kai dunƙulen hannu, ya fashe a tsakiya, gefensa ya yi tauri ya naɗe.

Na tsaya da wuƙa a hannu. Na san wannan miki. Da safen nan na gan shi a gidana.

"Yau ga papa da bai saurari rediyo ba," in ji Kombo.

Kibwana yana nan tafe, don ya ji an kama babba. Ranar babu farar riga, shat ce mai furanni. Ya leƙo, ya ga abin, ya waiga hagu da dama.

"Yanke wannan ka jefa ruwa. Yi sauri, mutane na zuwa."

"Dokta, mene ne wannan?"

"Ciwon ƙugiya ne. Yanke mana."

"Ƙugiyata ga inda ta shiga. Na ce mene ne wannan?"

"Shomari, guringuntsi na zo saya, ban zo makaranta ba."

Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Na ja shi har sai da ya durƙusa a kan yashi, hancinsa dab da mikin. "Dube shi! Ka ce ba ya gyambo! Wata bakwai 'yata tana shafa ƙaryarka, kunnenta yana ruɓewa!"

Mutane suka taru. Kombo ya riƙe hannuna mai wuƙa, yana cewa, "A'a, a'a, kada ka ɓata wuƙa mai kyau."

Kibwana ya ƙwace, ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ko kunya babu a idonsa. Gyara rigarsa ya yi, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Na ɗaure ka na ɗura maka? Man kwakwa ne da garin guringuntsi, bai taɓa kashe kowa ba. Kuma guringuntsin wa? Naka. Ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa shiga teku ba. Kai ne masunci. Ranar da na yi tambaya a kasuwa kana tsaye a gabana da kwando a ka. In ka taɓa gani, me ya hana ka ɗaga hannu?"

Har yau in na tuna, abin da ke ƙona mini rai shi ne, a duk maganganun da mutumin nan ya taɓa yi, wannan kaɗai ce gaskiya.

Na bar papan a kan yashi. Na je gida na zaro takardar nas daga rufin ɗaki. Gara ta ci gefenta.

* * *

Likitar da ta duba Zuwena a Dar es Salaam yarinya ce, ba ta fi ta da shekara goma ba. Ta karanta kwanan watan da ke kan takardar, ta dube ni. Na jira faɗa, da ma ta yi. Sai kawai ta ce, "Baba, me kuke shafawa?"

Na miƙa mata kwalbar. Ta jawo wani aljihun tebur ta jefa ta ciki. Na ji ta bugi 'yan'uwanta. Aljihun cike yake da su.

Ba ɗan wuri suka yanke ba. Kunnen duka suka cire, da wasu ƙulli biyu a wuya. Kafin a shiga da ita, Zuwena ta cire tabarau ta ba ni. "Riƙe mini mijina, Baba. Kada ka bari wata ta ƙwace." Ni na sa hannu a takardar amincewa. Ni na tura gadon har bakin ƙofa. Na tambayi likitar inda za su kai abin da suka yanke, ta ce ɗakin gwaji, kuma in ina so a nuna mini. Haka kawai. Amsar da na yi wata bakwai ina tsoron nema ke nan.

Ta ce za mu riƙa dawowa duk bayan wata uku. Na ce ciwon ya tafi ke nan? Ta ce, "Muna fata." Ba ta yi mini alkawari ba, ita.

Da muka dawo na kai ƙara wani ofis a gunduma. Mutumin da ke wurin ya juya kwalbar, ya nuna mini wani ƙaramin rubutu a gindinta, da Turanci.

"Nan an rubuta kayan kwalliya ne, ba magani ba. Ba huruminmu ba ne."

"A rediyo cewa yake yana warkar da ciwon daji."

"To sai ka je wajen masu kula da rediyo, Mzee."

"Suna ina?"

Ya ce shi ma bai tabbata ba. A kan tagarsa, kusa da kofin shayi, akwai irin kwalbar, an yi amfani da rabinta.

Na daina sayar da guringuntsi. Yanzu tekun nake mayar wa. Kibwana bai ko kula ba, masu jirage uku suna kai masa.

* * *

Jiya da la'asar Zuwena ta cire bandeji ta zauna gaban keken ɗinki, karo na farko tun dawowarmu. Ta sa tabarau. Ya zame ta hagu ya faɗo kan cinyarta. Ta mayar, ta sunkuya za ta zura zare, ya sake faɗowa. Mwanaidi ta tashi ta shige madafa.

"Baba," in ji Zuwena, "mijin nan nawa ya fara yawo."

Na ɗauko zaren fatsa, mai ƙarfin nan da ba ya tsinkewa. Na ƙulla a hannun tabarau na hagu, na zagayo da shi ta bayan kanta, a hankali, ina kauce wa tabon. Hannuna da ya yi ƙulli dubu a cikin teku, jiya sai da na yi sau uku kafin ya kama.

"Ya yi tsauri?"

"Ya yi daidai."

A gidan maƙwabta an gama labaran rana na maimaici, kiɗan nan ya taso, muryar Kibwana ta biyo baya tana tambayar jama'a wa ya taɓa gani. Zuwena ta juyo da kunnenta na dama wajen taga, ta saurara kaɗan. Sannan ta lashi bakin zaren, ta kai shi ga allura.