Geron Ɗakin Baya

Duk ƙasar Sukukutane babu wanda ya wahalar da hukuma kamar Ɗantala. Da aka zo ɗibar yara lakwal, wato makarantar boko, nasa suna cikin rumbu suna gumi har mota ta tashi. Da aka zo ƙidaya, ya tsaya a zaure ya ce su ƙirga shi ya ishe su. Yunwa ta zo ta tafi, ta sake dawowa, amma gidansa ba a taɓa kifa tukunya ba, kuma babu wanda ya gano dalili. Dalilin yana bayan gida, wani ɗaki da ya liƙe ƙofarsa da laka, kowa ya ɗauka kango ne. Gero ne a ciki har rufi, na shekarun da suka yi kyau. Matarsa Balki kaɗai ta sani. A ƙauye irin nasu, hatsin da aka san da shi ya zama na dangi, don babu mai iya cewa babu ga ɗan'uwan da ya zo da buhu.

Ɗansa Nasiruddeen, mai shago a Dogon Dutsi, shi ya kawo masa salula, ya sa sunansa wurin wani kamfani mai sayar da iri da taki, wanda ke kiran manoma yana ba su labarin ruwa.

"Na gwamnati ne?" in ji Ɗantala.

"A'a Baba, 'yan kasuwa ne. Babu ruwansu da lanho, ba masu karɓar haraji ba ne."

Sai ya karɓa. Mai kiran wata yarinya ce mai ladabi, sai ta gaida shi, ta gaida iyali, har ciwon gwiwarsa take tambaya. Wata rana ta ce, "Baba, ku da kuka ga yunwa, yaya kuka yi kuka tsira?" Wannan tambaya ce ya tsufa yana jira. Ya gyara zama. Ya ba ta labarin shekarar da manyan gari suka ci dusa shi yana cin tuwo, ya gaya mata ɗakin, ya gaya mata lakar, har yadda yake zuba toka saboda ƙwari. Ita kuwa sai "Kai Baba!" take cewa.

Damina ta yanke, gero ya ƙone a tsaye. Ana shiga bazara sai ga kamyo, babbar motar kaya, a bakin masallaci, mutane na fitowa daga azahar. Wani Alhaji Jibrilla, mai sayen hatsi daga Kore Mairuwa, ya sauko yana duba salularsa, ya ɗaga murya.

"Ina Ɗantala, mai tsohon gero a ɗakin baya? An ce da toka kake ajiye shi. In bai yi wari ba ina so."

Mutanen da Ɗantala ya zauna da su yana kukan babu, duk suka juyo.

"Wa ya ce maka?"

"Kamfani mana. Muna biya, suna gaya mana inda kaya yake."

"To koma ka ce su sayar maka! Ɗauke wannan akwalar daga garinmu!"

Yana isa gida ya kira Nasiruddeen.

"Kai, mai gemun banza! Ba kai ka ce babu ruwansu da ni ba?"

"Baba, kai ka gaya musu. Kuma tun farko sun tambaye ka ko ka yarda su yi amfani da maganarka, ka ce ka yarda."

"Gaisuwa na amsa! Mutum ya yi maka sallama ka ƙi amsawa? Jandarma in ya zo, ina ganin hularsa tun daga tudu, in san abin da zan ce. Wannan ta ce mini Baba!"

"Dama ɓoye abinci a lokacin yunwa, malamai sun ce…"

"Da wannan ɓoyon aka yaye ka, marar kunya!"

Ya jefa salular cikin turmi. Bai kai ga ɗaukar taɓarya ba sai ga sallama. Hindatu ce, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda mijinta ya tafi cin rani bai aiko ba. Buhu a naɗe a hammatarta. Bayanta matar kawunsa, bayan wannan kuma surukinsa, kansa a ƙasa. Babu wanda ya ambaci gero. Suka zauna a tsakar gida suna gaishe shi, gaisuwa mai tsawo.

Ɗantala ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Da kumandan ɗin hukuma ne, da ya yi masa ƙarya ido cikin ido. Hindatu ba ta ma dube shi ba, ƙafarta take kallo.

"Balki," ya ce, "miƙo mini gatari."

Ya sari lakar da dukan ƙarfinsa, yana zagin kamfanin, yana zagin yarinyar, yana zagin Dogon Dutsi da masu gemunta. Ƙofa ta faɗi, ƙurar toka ta turnuƙe gidan. Kafin la'asar layi ya kai bakin rijiya, har da waɗanda bai san ta ina suka zama danginsa ba.

Balki ta matso kusa da shi. "Malam, ko na iri ba za ka rage ba?"

"Ta ina?" in ji shi. "Dubi ƙofar gida."