Ƙunshin Amare Biyu

…kuma ai ban kori kowa ba, Goggo. Abin da zan faɗa musu ke nan in an kira ni ciki. Ledar lalle kawai na ajiye. Elvis, lauyan nawa, ya ce kada in fara da wannan. To da me zan fara? Da gaisuwa?

Kujerun nan sanyi gare su. Ofishin kare haƙƙin jama'a, an ce mu jira mai sulhu. Ga su can bakin taga, Sophia da Martha, hannu cikin hannu, kamar ranar da suka shigo shagona a garin Sterling, nan ƙasar Turawa, riga iri ɗaya, dariya iri ɗaya. Ke da kika koya mini ƙunshi, Allah ya jiƙanki, faɗa mini: mata biyu sun shigo da anko, ɗaya ta ce ƙunshin aure take so, me za ki ɗauka? Amarya da babbar ƙawa mana! Ni da ƙawata Lami haka muka zaga Fagge gayyatar bikina, hannunmu a sarƙe, ba wanda ya waiwayo.

Na zaunar da Sophia. Bismillah, na kama hannun dama, bakina ya shiga aikinsa yadda kika saba mana — Allah ya sanya albarka, ya ba da zaman lafiya, ya kau da fitina. Ta tambayi ma'ana, na fassara mata, sai ga hawaye. Wai a danginsu ba wanda ya sa wa auren albarka. Ni kuwa uwar surutu na ce dangin miji ne ko? Haka suke ko'ina, ki yi haƙuri. Sai ta nuna Martha. Ita za ta aura.

Hannu ɗaya na gama. Ɗayan yana kan cinyata, ko ɗigo babu.

Ban ɗaga murya ba. Na ce ku yi haƙuri, ba zan iya ƙarasawa ba. Martha ta ce, "Don mu ne?" Da ina da wayo da na ce kaina ke ciwo. Na ce e, don ku ne. Gaskiyar da kika dake mu a kanta, ga inda ta ajiye ni: sun kawo ni ƙara.

Wata doka ta ce shagon da ka buɗe wa jama'a na jama'a ne duka. Wata ta ce ba mai tilasta maka abin da addininka ya hana. Duk a ƙasa ɗaya. Elvis ya ce manyan alƙalai ma har yau suna ja a kai — sai ni Sailuba, mai ƙunshi, za a ce in raba musu gardama kafin azahar?

Abin haushin, na san irin ɗakin nan. Shekarun baya ina sharar jirage, wani manaja ya ce ko hijabi ko aiki. Wuri irin wannan na zo, na kawo ƙara. Suka tsaya mini, na koma aiki da hijabina, har waina na soya na raba, ina cewa ƙasar nan akwai adalci. Yau ni ce manajan? A'a. Ba ɗaya ba ne. Shi wulaƙanci ya nufa, ni kuwa… ni Allah nake tsoro. Ba ɗaya ba ne dai. Amma yadda Martha ta ɗaure fuska tana kallon ƙofa, na san wannan fuskar, na taɓa yin ta.

Wani malami ya ce lalle ado ne, kamar ɗinki. Wani ya ce taimako ne a kan saɓo. Maigidana ya ce in yarda mu huta, shagon nan shi ke riƙe da gidan tunda ciwon baya ya hana shi tuƙi. Kowa da bakinsa, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa riƙe hannun amarya.

Na yi wa Indiyawa, na yi wa Kiristoci 'yan Jos, na yi wa 'yan makaranta masu huda a hanci. Ban taɓa tambayar kowa addininta ba. Sai dai ƙunshin amarya daban yake, ke kika hana ni taɓa shi baki a rufe. Zanen da addu'ar tare suke fita, ban san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba.

Sharaɗin sulhun ke nan: abin da na yi wa wata amarya, in yi wa kowace. In na ƙi, sai kotu, sai tara, ƙila shagon gaba ɗaya. Elvis ya samo dabara, har murmushi yake: ki yi zanen, ki bar addu'ar. In ba ki yi wa kowa ba, wa zai ce kin bambanta? Ya ce in fara gwadawa tun yanzu, in saba.

Na gwada. Ranar Asabar, a kan Sadiyya — 'yar Lami, yarinyar da na goya, wadda za ta tare a garin Bowie. Hannu biyu, ƙafa biyu, zanen da ban taɓa yin mai kyansa ba. Shagon tsit, sai ƙarar firji. Ina cije leɓe, kalmomin suna zuwa ina mayar da su. Da na gama ta ɗago, da Hausarta ta yaran nan mai tuntuɓe: "Anti, na yi miki laifi ne?"

Na ce mura nake yi. Ashe na iya ƙaryar.

An buɗe ƙofa. Wata mata tana kiran sunana, ta karya shi gida biyu. Elvis ya miƙe yana gyara kwat. Zan yarda, Goggo, na san zan yarda, shagon zai tsira. Gobe in buɗe, in shimfiɗa tawul, amarya ta miƙo hannu… in yi shiru. Jibi ma haka. Har in mutu ke nan?

Ta sake kira. Na ji. Bari dai in miƙe tukuna.