Abin da Aka Ɗinke a Layar Musbahu

Ni dai ban roƙi duniya wani babban abu ba. Littafi nake so, na soyayya, na mutanen da, irin wanda za a yi shafi ɗari ana fushi a kan wasiƙar da ta faɗa hannun da ba nata ba, daga ƙarshe a ɗaura aure kowa ya ci ya ƙoshi. Sharaɗina ɗaya ne: kada kowa ya mutu a ciki, ko da jaki ne. Na fi son na zamanin da saboda mutanen ciki sun gama rayuwarsu tuntuni a kan gadajensu, ba mai tare su a hanya da bindiga ya tambaye su daga ina suke.

Sunana Barakatu. Shekara tara ina koyar da Larabci a makarantar 'yan mata a Wad Madani, kuma irin waɗannan littattafan ina da su kabad guda a ɗakin da nake haya. Da yaƙi ya shigo jiharmu ta Jazira ban tsaya ɗaukar ko ɗaya ba. Na biya ƙauyenmu kusa da Hajj Abdalla, ni da ƙanena Musbahu muka ɗauki Iya mahaifiyarmu muka yi kudu. Kwana uku muna hanya kafin mu isa gidan Kawu Almu, ƙanen Iya, a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi gaba da Sinnar. Muka tarar wasu dangin sun riga mu. Mu goma sha bakwai a gida mai ɗaki uku, ban ɗaki ɗaya, buta biyu, ɗayar ma tana yoyo.

A wata na huɗu dawa ta fara ƙarewa, kisrar da ake yi mana, wato fallen wainar dawa, ta koma kamar takarda. Sai Musbahu ya tsiro da magana. Kafin mu gudo ya binne buhunan dawarmu a matmura, ramin ajiyar hatsi da ke bayan gidanmu, yana so ya ari karo, wato amalanke, da jaki ya koma ya tono su. Tsakaninmu da can akwai shingayen masu bindiga da ba wanda ya san adadinsu. Iya, mai hawan jinin da maganinta ya ƙare tun wata na biyu, ta ce sai dai ya taka gawarta ya wuce. Kullum sai an yi wannan rigimar, ni kuma kullum sai na kwana da ciwon kai. Wannan ne ya sa na shiga neman abin karantawa kamar mai neman magani.

Waya ba shabaka, wato ba sabis, don haka gida-gida na bi. Matar liman ta ba ni wani ɗan littafi a kan azabar kabari, ta ce zai sanyaya mini zuciya. Wani tsohon ma'aikacin ban-ruwa ya ba ni rahoton tsutsar auduga na shekara talatin da suka wuce. Wallahi na karanta shi har ƙarshe, kuma ko a can ɗin ma mutuwa ake ta yi. Haushi ya ishe ni. Gari guda, a rasa mutum ɗaya da ya taɓa karanta abu don jin daɗi kawai.

Mairo, matar ɗan Kawu, ita ta tsegunta mini muna tankaɗe.

"Ke da ke ta yawon biɗa, ai Baba shina da kwali cike da littattahai ƙarƙashin angarib, gadon igiya nai."

Kawu Almu baduku ne. Da can takalma yake ɗinkawa da kuben wuƙa, amma tun da aka fara yaƙi aikinsa ya koma laya. Wani Malam Hamid ne ke rubutawa, shi kuma ya naɗe ya rufe da fata. Malamin ya yi hijira zuwa Gadarif tun farkon tashin hankali, sai dai Kawu ya ce kafin ya tafi ya bar masa rubutu jaka guda. Kullum rumfarsa cike take da masu shirin kama hanya, kowa na neman tsari daga harsashi. Laya kuwa ba a buɗe ta. Wanda ya buɗe ya karya ta, kowa ya tashi da sanin haka.

Da na tambaye shi littattafan sai da ya yi ta 'yan kame-kame, ya ce wani ɗan Madani ne ya bar kwalin ya wuce Masar. Na nace, ya jawo guda ɗaya marar bango ya miƙo mini yana kallon wani wajen.

Allah Ya ji roƙona. Labari ne na garin Sawakin da ke bakin teku, shekara ɗari biyu da suka wuce: Nuwara 'yar mai turare, da Zaharaddini magatakardan wani jirgin ruwa, wanda in ya ga mace sai in'ina ta kama shi. Ya ɓoye mata wasiƙa a kwandon dabino, kwandon ya faɗa hannun kakarta, tsohuwa ta ɗauka da ita ake, ta fara sa kwalli tana zama bakin taga. Ina zaune a gindin darbejiya bayan azahar na ji dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun da muka bar gida. Kwana biyu na yi a Sawakin, ban san ana yaƙi ba.

Ana gab da Zaharaddini zai shiga wurin uban yarinya, na juya shafi, na ga babu komai. Littafin ya ƙare a tsakiyar jimla. Na koma na karɓo na biyu, shi ma bayansa babu. Na uku har tsakiyarsa an kwashe.

"Gara ta, ɗiyata," in ji Kawu. "Ƙasar nan gara ta yi yawa."

Na duba gindin shafukan. Yankan a miƙe yake sumul, irin na wuƙa mai kaifi. Na ɗauka ko wani marowaci ne ke kunna wuta da su.

A ranar ne da yamma Iya ta sauko. Kawu ya zauna da ita ya ce ya ware wa Musbahu laya mafi ƙarfi cikin abin da Malam ya bari, wadda ko ƙarfe ya ganta sai ya kauce. Iya ta riƙe ta da hannu biyu ta sumbata, ta ce to, jibi ya tafi. A daren ta ci abinci har ta nemi ƙari.

Washegari da la'asar, Kawu ya tafi masallaci, na shiga rumfarsa. Ba zargi ya kai ni ba, son jin ƙarshen labari ne kawai, na ce ko shafukan sun zube a kwali. Na ɗaga wata fatar akuya da ke gefen tabarma. A ƙarƙashinta ga 'yan ƙullin takardu a jere sun fi ashirin, an linke su ƙanana an naɗe da zare, suna jiran fata. Takardar ruwan ƙasa-ƙasa ce, irin wadda na kwana biyu ina shafawa. Na warware ɗaya. Layin farko da idona ya sauka a kai, kakar Nuwara ce ke tambayar ko an ga kwallinta.

Na tuna fuskokin da na gani a rumfar nan: mai raksha, keke mai ƙafa uku, da ya koma Madani neman matarsa, tsohon da ya tafi duba hawasharsa, gonarsa ta ban-ruwa, yaran matan nan biyu da suka tafi tare. Kowannensu ya fita da ƙirji a buɗe, da barkwancin wata tsohuwa ɗaure a damtse. Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji ta Kawu a lokacin ba, har warin jimar rumfar ya zame mini warinsa.

Ya dawo ya same ni da takardar a hannu. Bai ko razana ba. Ya cire takalmi ya zauna.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Kin dai gani."

"Ina rubutun Malam Hamid?"

"Guda tara ya bari, sunka ƙare cikin mako guda. Mutane na zuwa suna kuka, in ce musu mi? Su da sun riga sun yanke tahiya. Da laya za su tahi, ba laya za su tahi. Ni dai na ba su abin da zuciya ka kamawa."

"Ka ba su ƙarya, Kawu. Wani da ba don layarka ba da bai tafi ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Kisrar da kike ci safe da yamma, ke da uwarki, daga ina kike zaton take hitowa? Wa ke sayen takalmi yanzu?"

Haushi ya ƙara kama ni. Wata huɗu ashe abin da nake ci ke nan.

Na tarar da Musbahu a bayan gida yana gyara ƙafar karon da ya aro. Shekararsa ashirin da shida, amma har yau in na harare shi sai ya sosa ƙeya. Na ce ya ba ni layar. Ya ciro ta daga aljihu, na sa reza na farke ɗinkin a gabansa, na warware, na karanta masa da ƙarfi don ya ji da kunnensa. Shafin da na yi ta nema ne. Zaharaddini ya shiga wurin uban yarinya, in'ina ta kama shi, ya ja da baya ya faɗa cikin tulun ruwan wardi, tsoho ya yi dariya ya ce ya ba shi.

Na zaci zai fusata. Sai ya yi 'yar dariya ya ci gaba da ɗaure ƙusa.

"To, ai ya samu matar. Mabruk."

"Musbahu, da wannan za ka ratsa bindigogi?"

"Yaya, na sani. Tun watan jiya na gane, na ishe Kawu shina yanka littattahan."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"In ce mi? Ni ban taɓa zaton hwata da zare na tare harsashi ba. Ba don ni anka yi ta ba, don Iya ta." Ya ajiye abin hannunsa. "Dawa ta rage ta kwana shida. Mairo na shayarwa. Ko Iya ta yarda ko ba ta yarda ba, gobe ina kan hanya. Zaɓi ɗaya ya rage: ta kwana tana barci, ko jininta shi hau ta hwaɗi bayana, ba magani, ba likita. Kalas, shi ke nan, ki ɗinke ta kamin ta dawo."

Na yi masa magiya, na zage shi, na ce ni zan tafi a madadinsa, ya ce ban san ma inda ramin yake ba. Gaskiya ne, ban sani ba. Muryar Iya ta taso daga gidan maƙwabta tana sallama da su.

Basilla da zaren Kawu na ɗauko. Ni, malamar da ta shekara tara tana hana yara satar amsa, na zauna a bayan ɗaki na linke shafin yadda na same shi, na naɗe, na tura cikin fata na ɗinke. Na soki yatsa sau biyu. Kawu ya leƙo ya ga abin da nake yi, ya gyaɗa kai kamar ya sami abokiyar sana'a, ya wuce. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da sassafe Iya da kanta ta ɗaura masa ita a damtsen dama, ta tofa addu'a, ta ja hannun rigarsa ta rufe. Ko hawaye ba ta yi ba. Ya ce kwana huɗu, in ya daɗe biyar. Ya dube ni sau ɗaya ya kaɗa jaki.

Sauran littattafan na mayar kwali. Na gwada buɗe wani, na ga ba zan iya ba, kowane shafi sai in ga damtsen wani.

Yau kwana goma sha ɗaya. Ba shabaka, ba wanda ya zo daga wajen Hajj Abdalla da za a tambaya. Ni da ƙyar nake haɗiye abin da kuɗin laya ke sayowa, Iya kuwa tana ci tana barci, fuskarta har ta ciko. Mata na zuwa ganin wannan natsuwa tata, ita kuma tana nuna musu rumfar ƙanenta.

Ɗazu bayan azahar ina yi mata fifita ta kamo hannuna.

"Barakatu, ke da kinka yi karatu, gaya mini gaskiya. Rubutun Malam Hamid ba shi tashi banza, ko?"

Na dubi jijiyar da ke harbawa a gefen goshinta.

"Ba ya tashi banza, Iya."

"Na sani," ta ce. "So nike in ji daga bakinki."

Ta juya ta gyara kwanciya. Na ci gaba da fifita har numfashinta ya daidaita, sannan na tashi a hankali na zagaya bayan gida, na amayar da 'yar kisrar da na ci da safe.