Kukan Na'ura a Ƙafar Lado

A Magama, nan bakin iyakar Jibiya, baƙon da ya sauka da safe kafin azahar ya ji labarin Lado Tauri. Direbobin manyan motoci masu jiran a duba takardunsu su ke yaɗa shi: wai an taɓa sara masa adda a wuya ta lanƙwashe, wai reza a bakinsa kamar ƙuli-ƙuli take. Shi ke gadin filin da motocin ke tsayawa, kuma shekara goma sha biyu ba a taɓa ɗauke ko madubin mota ba, don ɓarawo ma yana son ransa. Lado ba ya musun labaran nan, ba ya kuma ƙara musu gishiri. Gyaran murya kawai yake yi, ya shafa kambun da ke damtsensa.

Abin da Magama ba ta sani ba shi ne, shekara huɗu da suka wuce Lado ya faɗo daga kan lodin albasa a Maraɗi, ƙashin ƙaurinsa na dama ya yi karayar da maɗori ya duba ya girgiza kai. Likita ne ya tsaga ƙafar da wuƙa, wuƙar kuwa ta shige sumul ba ta ko yi gardama ba. Aka ɗaure ƙashin da faifan ƙarfe da kusoshi shida, aka ɗinke. Bayan wata uku ya dawo gida ya ce daji ya shiga ƙaro magani. Tun daga ranar ba a sake ganinsa babu safa da dogon wando ba, ko da zafin bazara yana narka kwalta.

Gadin nan kuwa ya ishe shi har wuya. Motoci sun ragu, shekaru sun ƙaru, ga matasa suna dawowa daga wuraren haƙar zinari da sababbin babura suna tayar masa da ƙura a hanci. Sai ya sayar da gonarsa ta gado a ƙauyen Kusa, ya sayi na'urar gano zinari a hannun wani da ya dawo daga arewacin Nijar. Babba ce, faifanta kamar murfin tukunyar biki, batirinta goya shi ake yi a baya. Ranar cinikin a zaune ya gwada ta. An ɗora faifan a kan tebur, ya gilma zobe a gabansa, ta yi kuka, ya ce ta yi. Bai taɓa takawa da ita ko taku uku ba.

Ana haka Hajiya Mutmainna ta aiko da sanarwa. Ita ce 'yar kasuwar da ke ɗaukar nauyin masu haƙa shida a wani sabon wuri a ƙetaren iyaka, tana kuma neman mai na'ura mutum ɗaya da zai shiga motarta ranar Lahadi. Mutum biyu suka fito: Lado, da Zunnuraini mai gyaran rediyo, wani siriri mai surutun tsiya, wanda tasa na'urar ƙarama ce, da hannu ɗaya ake kaɗa ta kamar tsintsiya.

Kwana uku teburin mai shayi bai huta da musu ba. Zunnuraini ya ce tasa tana jin zinarin da bai kai ƙwayar gero ba, tana kuma bambance ƙusa da zinari, abin da ta Lado ba ta iyawa. Lado ya ce tasa tana ji har zurfin gwiwa. Hajiya da ta ji ta ce duk ta yarda, amma ƙasar da za a je ba rairayi ba ce, jar marmara ce mai baƙin yashi, ƙasar da ita kanta ƙarfe ne a cikinta. Irinta na nan bayan filin motoci, a can za a raba gardama.

Lahadi da hantsi ta shiga filin ita kaɗai da 'yar fartanya, kowa ya juya baya, ta binne ɗan curin zinari kamar ƙwayar wake, ta share wurin da reshe. Kafin a gama, rabin Magama ya hallara. 'Yan canji sun bar teburansu, masu haƙan Hajiya shida sun jingina da mota, har Ɗantala makaɗin 'yan tauri ya zo da gangarsa ba wanda ya gayyace shi.

Zunnuraini ya fara. Yana kunna 'yar na'urarsa ta kama tsuwa kamar an taka wutsiyar mage. Ya murɗa nan ya murɗa can, ya ɗaga faifan ya sauke don ta saba da ƙasar, ta yi shiru taku biyu, ta sake ɓarkewa. Ya tona, dutsen marmara. Ya matsa gaba ya tona, marmara. Da ya rage mata ji don ta daina surutu, sai ta kurmance gaba ɗaya, ko zoben hannunsa sai ya manna mata take ji. Rami tara ya haƙa, ya tara tsibin jajayen duwatsu.

"Zunnuraini," in ji wani direba, "in ka gama ka kai mini su gida, ina da ginin masai."

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Lado bai yi ba, don manya ba sa dariya a bainar jama'a, amma ransa fari tas. Ya saɓa batiri, ya kama sandar na'urar, ya kunna. Faifan yana kan marmara tsirara, amma na'urar ko tari ba ta yi ba. Jama'a suka ce, "Allah ya yi!" Ɗantala ya ɗan taɓa ganga.

Ya jefa ƙafar hagu, shiru. Ya jefa ta dama, na'urar ta saki wani kuka mai kauri kamar saniya ta ga mahauci.

"Ga shi nan! Tun taku biyu!"

Aka tona har zurfin gwiwar hannu, babu komai sai ƙasa. Ya sake takawa: hagu shiru, dama kuka. Hagu shiru, dama kuka.

"Malam Lado," in ji Hajiya, "wanga aparai, na'urar nan taka, ba ya son ƙarhe kusa da shi. Mi ke jikinka?"

Abin da ke jikin Lado ba kaɗan ba ne. Ya cire zobba huɗu. Ya kwance kambun da ya shekara ashirin bai bar damtsensa ba, wurin ya fito fari kamar cikin rogo. Ya zare guru mai ƙaramar sarƙa, da wuƙa, da wata wuƙar, da makullan fili, da waya. Aka tara su kan buhu can nesa, kamar kayan ɗan koli. Ya dawo ya ɗauki sanda, ya jefa ƙafar dama, na'urar ta yi kukan da ya fi na farko.

A nan ne abin ya faɗo masa. Shekara huɗu yana ɓoye faifan ƙarfen da ke ƙafarsa ga direbobi da maƙwabta da limamin unguwa, ashe da kuɗin gonar ubansa zai sayo abin da zai tsaya tsakiyar fili yana nuna shi. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya ga wuƙar likita.

"Ta lalace," in ji wani ɗan canji. "An sayar mishi da gawa."

"Ba ta lalace ba," in ji Zunnuraini, wanda idonsa na mai gyara ya riga ya fara ƙyalli. "Yaya Lado, mu yi musanya mana. Ba ni taka, ga tawa."

Babu yadda za a ƙi a gaban mutane. Zunnuraini ya goya batirin har yana tangaɗi, ya shiga fili yana kaɗa faifan a hankali. Na'urar ta wuce marmara, ta wuce baƙin yashi, ba ta ce uffan ba. Sau ɗaya ta yi kuka aka tono tsohon kofaton jaki da ƙusa a jiki. Can wajen wata sabara ta yi wani ɗan siririn nishi, ya koma ya sake gilmawa, ta maimaita. Aka tona taƙi guda, Hajiya ta murza ƙasar a tafin hannu, ta tofa mata yawu, ga zinari yana kallon kowa.

Shi kuwa Lado yana tsaye da ƙaramar, ya ɗaga ta sama don kada marmara ta tsokane ta. Amma hannu yana gajiya. Yana sauke ta gefen ƙaurinsa ta ƙwala ihu, ba ta kuma daina ba sai da ya laluba ya kashe ta.

Na'ura biyu, ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, sun ba da shaida iri ɗaya. Lado ya sunkuyar da kai yana jiran wanda zai fara faɗa.

Ɗantala ne ya fara, amma ba abin da Lado ke tsoro ya faɗa ba. Ya daka tsalle ya buga ganga. "Jama'a, ba ku gane ba? Ƙarhen da ya sha ne ya zauna mishi a jiki! Mun daɗe muna hwaɗi ana cewa zuƙi muke. Yau ga injin Nasara ya shaida!"

Kai, Magama ta ɗauka! Masu cewa ta lalace su ne suka fi kowa ihu. Wani ya rantse ya taɓa gaisawa da Lado hannunsa ya kwana yana tsami. Wani yana ɗaukar hoto da waya don ya aika wa ƙaninsa a Legas. Lado ya ɗago kai a hankali, ya ji sunansa yana tashi sama fiye da yadda ya taɓa tashi, daɗi da kunya suka cakuɗe masa a ciki har bai san wanda zai haɗiye ba.

Hajiya ba ta yi ihu ba. Ta ɗaure zinarinta a bakin gyale, ta matso kusa da shi, ta yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Malam Lado, yayana akwai irin wanga a cinyarshi. Da munka tahi Hajji, kowace ƙofar bincike sai ta yi mishi kuka." Ta dubi safarsa, ta dubi fuskarsa. "In ƙarhen likita ne a ƙafa guda, abu mai sauƙi. A ƙara wa sandar tsawo, ka riƙa kaɗawa ta hagu, shi ke nan. Na fi son ka da wancan mai bakin, don inda za mu ana son mutum mai kwarjini. Amma yarana sun gani da idonsu. Ba za su haƙa rami bisa kukan aparai a hannun mutumin da duk jikinshi ƙarhe ne ba. Naɗe wandon su ga ɗinki, mu tahi."

Lado ya dubi motar. An bar kujerar gaba babu kowa. Ya tuna gonar Kusa da tsamiyar da ke bakinta, wadda yanzu wani ke hutawa a inuwarta. Hannunsa ya sauka har gwiwa, ya kama wandon, ya ji taushin yadin a yatsunsa. Naɗi biyu kawai ake nema.

Sai Ɗantala ya sauya kiɗa, ya koma taken da ake yi wa Lado tun yana saurayi, ya kira sunan ubansa da na kakansa. Mutane suka buɗe fili. Yara da manya suka zuba masa ido, kowa baki buɗe.

Hannun nan da ya kama wando, shi ne ya saki, ya tashi sama a dunƙule. Lado ya yi kururuwa, ya zuba kirarin da bai taɓa yin mai kyansa ba, har tsigar jikin masu haƙan Hajiya ta tashi.

Hajiya ta jira ya kai aya. Ba ta yi fushi ba, tausayi ma ya ba ta. "To, Allah shi ƙara tauri," ta ce. "Aparai ɗinka ya ci, zan ɗauke shi haya, rabonshi zai riƙa iske ka. Zunnuraini, kai za ka riƙe shi. Shiga gaba."

Zunnuraini bai jira a maimaita ba. Ya rungume faifan kamar jaririn da aka ba shi riƙo, ya haye kujerar, ya leƙo ta taga. "Yaya Lado, kada ka damu, zan kula da ita kamar tawa!"

Motar ta tashi, ta tsaya wajen 'yan duwan, wato kwastan, aka duba takardu, aka ɗaga mata sanda, ta miƙe hanyar Maraɗi. Lado yana ganinta ta saman kawunan mutane har ta zama ɗigo. Ya so ya sami dutse ya zauna, ko na minti ɗaya, amma an riga an kewaye shi, Ɗantala kuma yanzu hannunsa ya yi zafi. Haka ya yi ta dirka ƙafar dama a kan marmara, kowane taku yana jin kusoshin nan shida har cikin haƙoransa, jama'a na tafi suna cewa ya ƙara.