Kellu a Cikin Akwatin Hoto

Ƙarar ta fara kamar zanzaro ya shiga cikin gora, ta yi ta zuuu a tafin hannun Ɗalha baduku, sai ta ce ƙas, ta yi shiru. Ɗakin duhu ne ƙirin, don da gangan ya hure fitila. Ya zauna da akwatin hoton a cinya, bai ko motsa ba.

Akwatin na Mainassara ne, mai hoton Magariya da ke zuwa Guci kowace ranar kasuwa. Tsohon abu ne tun na zamanin Nasara. Baƙar fatar da ke jikinsa ta bushe ta tattashi, ƙarfen ya fito, har da ƙananan huji. Ranar kasuwar da ta wuce, bayan ya ɗauki Kellu matar Wakili, maƙwabcin Ɗalha, wani ɓallin fata ya cushe abin murɗa fim, ya ƙi juyawa. Sai ya naɗe akwatin a baƙin ƙyalle ya kawo.

"Baba Ɗalha, riga za ka yi masa. Amma kar ka buɗe bayansa, kar haske ya shiga. Akwai mutane a ciki. Matar maƙwabcinka ma ita ce a bakin ƙofa, ban kai ga tura ta ciki ba."

"Yaro, ni da nake rufe laya ban taɓa leƙa cikinta ba, sai naka?"

Kellu ta so ne ta aika wa ɗiyarta da ke aure a Agadas hoton. Kasuwa ba ta zagayo ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Tun daga nan Wakili kan tashi daga tabarmar makoki ya leƙo zauren Ɗalha, ya dubi baƙin ƙyallen, ya ce, "Tana nan dai ko?" Duk duniya babu wani hoton nata sai wanda ba a wanke ba.

Shi ya sa Ɗalha ya mai da aikin na dare. Da rana yakan kankare fatar ɗan akuya da aska har ta yi kamar ganyen albasa, ya rine ta baƙa da kuloko, ya jiƙa ƙaro. Da dare sai ya kwance ƙyallen, yatsunsa su zama idonsa. Ya ɓamɓare tsohuwar fata a hankali, ya gwada sabuwa a kanta, ya toshe hujin, ya liƙa. Yana mamakin wanda ya ƙera abin: ko'ina ya shafa sai ya ji wani ɗan ƙarfe da aka yi don wani aiki, babu ɗaya na banza. A cikin wannan lalube ne yatsansa ya ja ɗaya, abin ya yi kuka.

Ya san wannan ƙas ɗin. Ita ake ji in Mainassara ya ɗauki mutum. To me aka ɗauka yanzu? Duhu. Idon akwatin ya buɗe ya haɗiyi duhun ɗaki, ya zuba a kan Kellu da ke bakin ƙofa. Baduku ya san baƙi: in kuloko ya hau jar fata, ja ya tafi ke nan. Amma duhun ɗaki, a saninsa, ba ya jure wa safiya.

Gari na wayewa ya fito da akwatin, sabuwar rigarsa na sheƙi. Ya ɗora shi bisa turmin da ke kife a ƙofar gida, ya juya idonsa gabas inda haske ya fi yawa. Bai ko dubi abin da ke gabansa ba. Ya yi bisimilla, ya ja ɗan ƙarfen nan kamar yadda ya yi jiya. Zuuu, ƙas. Ya ji ransa ya yi sanyi.

Ranar kasuwa Mainassara ya jujjuya akwatin, ya sansana fatar, ya murɗa fim ya ji ya tafi sumul.

"Ko a Faransa sai haka, Baba."

Ɗalha ya ba shi labarin duhun da yadda ya wanke shi. Dariyar Mainassara ta tsaya. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Duhu ba ya yi mata komai, Baba. Cikin duhu take zaune dama. Hasken nan ne."

Wakili yana tsaye a bakin zaure, ya ji duka. Ya juya ya koma gida. Mainassara ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram inda ake wanke hoto, Ɗalha kuwa ko basilla bai iya riƙewa ba har kasuwa ta zagayo.

Da Mainassara ya dawo bai kafa rumfarsa ba. Ya wuce zauren kai tsaye, ya sa aka kira Wakili, ya ciro takarda ɗaya daga aljihu ya ajiye a kan fatar aiki. Su ukun suka sunkuya.

Kellu tana nan. Tana tsaye da ɗankwalinta mai zane, tana danne dariya. Amma ana ganin abu ta cikin jikinta, kamar mai duban ƙasan ruwa. Rassan bishiyar ƙofar gidanta sun fito ta kafaɗunta. Hasken safiya ya zagaye kanta. Daidai ƙirjinta kuwa ga Wakili, ɗan ƙarami, zaune shi kaɗai a tabarmar makoki, carbi a hannu, kansa a sunkuye.

Mainassara ya fara bayanin yadda hoto kan hau kan hoto, maganar ta mutu a bakinsa. Ɗalha ya ƙara sunkuyawa kan takardar. Ya taɓa rufe abubuwa da yawa da fata, bai taɓa ganin abin da ke cikinsu ba sai yau.

Wakili ya goge hannunsa a riga kafin ya ɗauki takardar. Ya kai ta bakin ƙofa inda akwai haske, ya daɗe yana kallo. Sannan ya waiwayo.

"Ɗalha, a wannan safiyar, ita ma tana ganina?"